Yadda muka nema wa Acaba gida, karen da ba ya gajiya

Ƙarshen damina ne, masara ta fara bushewa a gonakin bayan Samaru a Zariya, na kai mashin ɗina wajen bakanike sai na ji yara na ihu a bayan garejin. Na leƙa, ashe kare suke jifa a cikin lambatu. Matashin kare ja mai farin ƙirji, irin namu na gida, dogayen ƙafafu, haƙarƙari duk a waje. Ba ramar ce ta tsayar da ni ba, wuyansa ne. Wani ya ɗaure shi da wayar burkin mashin tun yana ƙarami, shi yana girma waya ba ta girma, har ta nutse cikin nama wurin yana ruwa ƙuda sun baibaye. Da alama fizgewa ya yi ya gudo.

Ni fa ba mai kare ba ne, a gidanmu cikin birni ko ƙofar zaure kare bai isa ya raɓa ba. Amma wallahi na kasa tafiya. Bakaniken ya ɗauko filaya, muka rufa wa karen buhu a ka, ya datse wayar, garin haka ne ya cafke ni a babban yatsa. Ba wani babban rauni ba amma jini ya fito.

Nan take aka fara ba ni shawarwari, wani ya ce a tsigi gashin karen a ƙona a shafa a wurin, wani ya ce a kashe shi kawai a huta. Allah ya taimake ni akwai wani ɗalibin likitancin dabbobi da ya kawo gyara shi ma, shi ya ja ni bakin famfo ya sa na yi ta wanke yatsan da sabulu har minti 15 yana duba agogo, ya ce daga nan asibiti zan wuce yau ɗin nan ba gobe ba. Ciwon haukan kare in alamunsa suka bayyana a jikin mutum to sai dai a yi haƙuri, Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta mutum wajen 59,000 yake kashewa duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duk daga cizon kare ne. Na fara karɓar allurai a ranar. Ya kuma ce kar a kashe karen, a killace shi kwana 10 ana lura, in ya wuce kwana goman lafiya lau yana ci yana sha to lokacin da ya cije ni babu cutar a yawunsa.

To ka ji yadda aka yi ya maƙale min. Kwana 10 na ce wa uwargida, kwana goman da suka zama sati 11.

Mun kai shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), da ƙyar ma, don masu Keke Napep uku suka ƙi ɗaukar mu, na huɗun sai da na biya shata. Likita ya buɗe bakinsa ya ce haƙoran girma sun gama fitowa kuma fari tas, su kuwa a wata 6 zuwa 7 suke cika, don haka ya ba shi tsakanin wata 8 da 10. Kilo 11 ya yi a sikeli. Akwai tsutsar ciki, kaska cike da kunnuwa, ga ƙazwa a gwiwoyi. Ya gargaɗe ni kar in kuskura in shafa masa baƙin mai ko fiya-fiya yadda mutane ke yi, fata na tsotsewa kuma kare na lasa, kuma kar in ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Bayan kwana goman aka yi masa allurar haukan kare da ta haɗaka mai kare su daga fabo, wannan mai sa zawo da jini, aka ba ni kati. Daga baya da ya murmure aka yi masa fiɗiya.

Sati ukun farko har alfahari nake, ina cewa ban taɓa ganin kare mai hankali irin wannan ba, kwance kawai yake a lungun bayan kicin. Ashe yunwa da ciwo ne suka danne shi. Da tuwo da kan kifi suka ratsa shi sai ainihin halinsa ya fito. Silifas babu wanda ya tsira. Ya tauna tiyon wanke mota, ya janyo wanki daga igiya ya zagaye gida da zanin mutane, ya haƙa rami ƙarƙashin get har ya kusa ficewa, ranar da na je Kaduna na dawo dare na tarar ya farke kujerar mashin ɗin maƙwabcina soso ko'ina. Yaran gidan ne suka sa masa Acaba, wai ba ya bin hanya kuma ba ya tsayawa. Gidan haya ne mu huɗu a ciki, mai gidan ya kira ni cikin mutunci ya ce Malam zuwa ƙarshen shekara a san yadda za a yi, kuma gaskiyarsa ne.

Abin da ya buɗe min ido wani ɗan lissafi ne da na yi a bayan kalanda. Akwai yaron maƙwabta da nake ba wa na kashewa ya fita da shi bayan sallar asuba su yi wajen dam ɗin Kubanni su dawo, awa ɗaya da ɗoriya. Sai na riƙa sa alama, ranar da aka fita da ranar da ba a fita ba, da ranar da aka yi ɓarna. Sati biyu kawai abin ya fito fili ƙarara: duk ranar da ya yi tafiyar nan ya shinshina duniya son ransa, dawowa yake ya sha ruwa ya miƙe har la'asar. Ranar da yaron ya makara makaranta bai zo ba kuwa, sai wani ya yi asarar takalmi. Likita ya ƙara min da cewa tsakanin wata 6 da wata 18 kare na cikin tashen balaga ne, kuma fiɗiya tana rage yawon bin mata amma ba ta rage kuzari, kar in sa rai. Ya koya min in daina zuba masa abinci a kwano kullum, wani lokaci in watsa cikin ciyawa ya nema da hanci, aikin hanci yana gajiyar da kare sosai. Muka kuma fara 'yan darussa na minti biyar-biyar, zauna, zo, bari. Ya kama da wuri, ƙwaƙwalwa kam akwai ta.

Wato dai karen ba mugu ba ne, zaman banza ne ke damun sa, ni kuma ba ni da aikin da zan ba shi.

Na je wajen malamin unguwarmu saboda zuciyata ba ta kwanta ba da ajiye kare a gida. Ya ce min a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai, sannan hadisi ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, wanda kuwa aka ajiye ba don ɗaya daga irin waɗannan ba ladan mai shi na raguwa kullum. Ya kuma tuna min da mutumin da aka gafarta wa saboda shayar da kare mai ƙishirwa, ya ce ceton da ka yi daban, ajiyewa daban. Na fito ina mamaki, abin da malam ya faɗa da abin da likita ya faɗa wuri ɗaya suka nufa, a kai shi inda zai yi aiki.

Na sa hotonsa a WhatsApp na ce kyauta ne ga mai so. Wannan kalmar ta kyauta kuskure ce. Kira na biyu da na samu wani ne da bai tambayi sunansa ko halinsa ba, tambayarsa kilo nawa ne kuma akwai wasu. Ban ce ga abin da yake nufi ba, Allah ne masani, amma kowa ya san ana tara karnuka daga arewa ana lodin su zuwa kasuwanni irin ta Dawaki a jihar Filato. Daga ranar na canza magana, duk mai so sai na je na ga wurin da idona, kuma zan dawo dubiya.

Na farko da na je gani wani Alhaji ne a wajen Hanwa, gida tangameme, fens mai waya a sama, fili har da shuke-shuke. Da na shigo na ce a raina shi ke nan Acaba ya haye. Sai mai gadi ya zagaya da ni ya nuna min kejin ƙarfe a jikin katanga inda rana ke duka, ya ce nan tsohon karen yake wuni, sha ɗayan dare a sake shi, asuba a mayar. Na ce ranka ya daɗe wa zai riƙa fita da shi? Alhaji ya yi dariya ya ce fita ina, ai ga fili nan. Ya ƙara da cewa shi so yake kar karen ya saba da kowa don ya yi zafi. Wannan fa shi ne tunanin yawancinmu a Zariya in an ce kare, a kulle shi da rana ya cika ya batse a sake shi da dare. Yi wa kare mai irin wannan jini haka haukata shi ne, balle wanda tabon waya ke wuyansa har yanzu. Kuma girman fili yaudara ne, kare ba ya zagaya tsakar gida shi kaɗai don motsa jiki, kwana biyu ya gama haddace ƙamshin ko'ina sai ya koma haƙa da haushi. Na yi godiya na ce zan yi shawara. Ya ji haushi, na sani.

Bayan nan na daina kallon gida na koma tambayar mutum yadda yake wuni. Ƙarfe nawa kake fita, ina kake zuwa, a ƙafa ko a mota, in ka yi tafiya wa ke gida.

Na biyu ya ci wannan jarrabawar, wani ɗalibi ne a Samaru mai gudun safe kullum, suka fita da Acaba sau biyu suka dawo dukkansu suna haki suna murna. Na so shi ƙwarai. Amma ajin ƙarshe yake, ɗaki ɗaya yake haya, da na ce in an tura ka bautar ƙasa fa, sai ya yi shiru ya ce Oga zan san yadda zan yi. Kare na iya kai shekara 10 ko fiye, shi kuma wata takwas gaba ma bai san inda zai kwana ba. Haka aka samu karnuka da yawa da ke gararamba a unguwannin ɗalibai.

Na ukun ne na fi sa rai kuma a nan na fi yin kuskure. Ta hannun wani mahauci aka haɗa ni da wani dattijo mafarauci a wani ƙauye gaba da Giwa, lokacin rani ya fara kamawa ana shirin shiga daji. Na ce ai magana ta ƙare, me ya fi farauta dacewa da kare mai gudu, har ina yi masa kirari wai karen bana shi ke maganin zomon bana. Dattijon ya dube shi ya ɗaga ƙafafunsa ya ce a bar shi kwana bakwai a gani. Sharaɗi ɗaya na sa, kar a yanke masa kunne yadda ake yi wa nasu. Kwana huɗu aka kira ni. Na tarar da shi a ƙarƙashin rumbu yana ɗingishi, cinya a yage, manyan karnukan gidan su shida sun taru a kansa tun daren farko. Dattijon bai ɓoye min komai ba, ya ce ɗana karenka yana da ƙafa yana da hanci, amma da aka buga bindiga sai da muka yi rabin wuni muna neman sa, kuma da ya tada zomo wasa yake so su yi. Ya ce su tun kare yana kwikwiyo suke sa shi bayan manya ya tashi da ƙarar bindiga da ganga, wannan ya wuce lokacin. Da na tambaya in damina ta faɗi aka daina fita me karnukan ke yi, ya ce suna nan dai suna yawonsu. Laifina ne, na ɗauki karen da bai taɓa zama cikin garke ba na jefa shi tsakiyar shida rana ɗaya. Kuɗin ɗinki da sati biyu na jinya suka biyo baya, ga wa'adin mai gida ya wuce ina ta ba da haƙuri.

Inda aka dace ba ta waya aka samu ba. Mai kayan gwarin da uwargida ke sayen tumatir wajensa a kasuwar Sabon Gari ne ya ji tana ƙorafi, ya ce akwai wani baba da ke kawo masa kaya daga bakin kogin Galma ta wajen Dakace, an sace masa tiyo sau biyu an kusa ɗauke injin ban ruwa, yana neman kare. Na je ranar Asabar. Gidan ƙasa ne, babu fens babu get, in da da farko ne da ko tsayawa ba zan yi ba. Amma ga yadda suke wuni: ɗansa mai shekara 16 yana fita bayan asuba ya kora awaki da tumaki wajen ashirin zuwa fadama, tafiyar kamar kilomita 4, ya dawo ya tafi makaranta, baban ya wuni a lambu, la'asar yaron ya koma su koro dabbobi tare. Kullum, har Juma'a. Akwai bukka a lambun da babban ɗan ke kwana lokacin da kaya suka nuna. Na ce Baba a ina zai kwana, ya nuna min rumfar dabbobi a waje, ya ce cikin gida dai ba zai shiga ba saboda iyali, kwanonsa daban. Na ce hakan ma ya fi.

Wannan karon ban yi gaggawa ba. Yaron ya zo Samaru sau uku, shi ke ba shi abinci shi ke riƙe igiya, na koya masa kalmomin nan uku da yadda ake ba da lada da ɗan guntun ƙuli. Ranar kaiwa na haɗa da katin allura da kwanonsa da buhun da yake kwana a kai, muka yi da Baba sati biyu na gwaji, in bai yi ba in zo in ɗauka babu jin kunya. Na roƙi abu uku. Kar yaron ya sa shi bin keke a guje tukuna sai ya haura shekara don gaɓoɓinsa ba su gama ƙwari ba. A kula da galan-galan na maganin feshi. Sannan kar a ba shi abinci mai albasa da yawa, albasa da tafarnuwa na lalata jinin kare, goro ma ba nasa ba ne. Baba ya yi dariya ya ce Malam a gonar albasa ka kawo shi fa.

Awaki ba su zama matsala ba, ranar farko ya bi su, wani tsohon rago ya tunkuye shi har ƙasa, daga nan ya koyi ladabi. Matsalar zabi ce. Kwana na tara Baba ya kira ni ya ce Malam karenka ya yi ɓarna, ya kashe zabuwar maƙwabci. Na hau mashin gabana na faɗuwa. Na tarar an taru, wasu na cewa a yi masa dukan tsiya, wasu a rataya masa gawar a wuya ta ruɓe a nan wai shi ne magani. Na ce duka bayan awa uku bai san na mene ne ba, abin da zai koya kawai shi ne tsoron yaron, kuma wuyan nan kam ba a sake rataya masa komai ba. Muka raba kuɗin zabuwar ni da Baba. Na sayo igiya mai tsawon mita 10, yaron ya riƙa zagayawa da shi kusa da zabin daga nesa, da ya kafe su da ido a ce bari, in ya juyo a ba shi ƙuli, kullum a ɗan matsa kusa. A unguwa kuma yana ɗaure har sai an fita fadama. Da sati biyun suka cika ban ce komai ba Baba ma bai ce komai ba, sai buhun tumatir da ya aiko min.

Na koma dubiya da zafi ya shigo, wajen watan huɗu. Kilo 17 yanzu a sikelin 'yan gwari, gashi ya rufe tabon sai ka shafa za ka ji. Da tsakar rana na same shi shame-shame a ramin da ya haƙa wa kansa ƙarƙashin mangwaro kusa da inda ruwan injin ke zuba, ya ɗaga kai ya kaɗa min wutsiya ya zo ya shinshina ƙafata, can yaron ya yi fito sai ya bar ni tsaye. Na ɗan ji wani iri, ba zan ɓoye ba. Ba a sake taɓa tiyo ba tun zuwansa, ko da yake Baba ya ce haushin nasa ya fi cizon yawa, kuma ya kashe gafiya biyu.

Ba komai ne ya daidaita ba. Zabi har yanzu ba a yarda da shi ba in babu igiya, kaji dai ya ƙyale su. Kaska na dawowa saboda zama da dabbobi, sai an riƙa duba kunnuwa da tsakanin yatsu duk sati. Yaron kuma baɗi zai gama sakandare, in ya samu makaranta ya tafi an rasa mai tafiyar asuba, shi ya sa na ce a fara haɗa shi da ƙanensa mai shekara 12 tun yanzu, an fara amma Acaba na ja sai ƙaramin ya bi shi a guje. Allurar haukan kare duk shekara ake sabuntawa, tasa za ta zagayo ƙarshen damina, na rubuta a bayan kalandar nan dai. Mun yi da ɗalibin da ya sa na wanke yatsa zan goya shi a mashin da kularsa ta ƙanƙara mu je can a yi, don ba zan sake tsayawa roƙon masu Keke Napep ba.